Ra'ayinmu: Wa Ya Kamata Ya Tashi a Motar Haya?

Tun da aka koma wannan zangon karatu ake ta ja-in-ja a ɗakunan malamai na makarantunmu, daga cikin birnin Daura har zuwa Baure, a kan abin da shekaru talatin da suka wuce babu wanda zai ɗauke shi abin tambaya: idan babba ya tsai da mota ko Keke Napep ya tarar wuri ya cika, shin wajibi ne ɗalibi ya tashi ya bar masa kujera? Wasu daga cikinmu na ganin yin tambayar ma kansa alama ce ta lalacewar zamani. Wasu kuwa na cewa an daɗe ana cutar yara da sunan ladabi, lokaci ya yi da za a faɗa. Tun da mu ne iyaye ke damƙa wa amanar yaran nan kowace safiya, kuma yawancinmu iyaye ne, dukanmu kuma fasinjoji ne, bai kamata reshen ƙungiya ya yi gum da bakinsa ba.

Hujjar masu cewa yaro ya tashi tana da nauyi, kuma da ita aka rene mu. A ƙasar Daura yaro ba ya wuce dattijo da takalmi a ƙafa, ba ya gaishe shi a tsaye, ba ya barin sa da kaya a hannu. Idan baƙo ya shigo zaure, yaro ne ke janye jiki daga tabarma ya koma ƙasa, ba tare da an ce masa uffan ba. Wannan tarbiyya ita ce ke sa tsohuwa ta fito daga Sandamu ita kaɗai ta zo asibiti a Daura da tabbacin cewa ba za ta rasa mai riƙe mata ƙunshi ba. Duk malamin da ya taɓa koyarwa a ajin da yara suka daina jin nauyin na gaba ya san irin wuyar da ake sha, domin ajin da ba a tashi wa malami, da wuya a saurare shi. Saboda haka ba mu tare da masu son a shafe wannan ɗabi'a, kuma ba za mu koya wa ɗalibanmu su riƙa kallon dattijo ido cikin ido suna ce masa kuɗina na biya ba.

Sai dai kafin a yanke hukunci, ya kamata a duba abin da kalmar tashi take nufi a kan hanyoyinmu. A manyan biranen duniya, inda aka fi yin wannan muhawara, bas ɗin yana da fili a tsakiya da ƙarfen riƙewa, kuma tafiyar minti goma ce ko ashirin a cikin gari. Wanda ya tashi, tsayuwa zai yi na ɗan lokaci, ƙafarsa ta yi tsami, shi ke nan. Mu a nan ba haka abin yake ba. Abin hawanmu shi ne ƙananan motoci irin su Golf da Sharon, da bas mai kujeru goma sha wani abu, da Keke Napep, da babur ɗin acaɓa, sai kuma a-kori-kura a hanyoyin ƙauye. A cikinsu duka babu wurin tsayuwa in ban da bayan a-kori-kura. Ke nan idan ɗan kamasho ya ce da yaro, "Kai, tashi ka ba Alhaji wuri," ɗayan abubuwa kaɗan ne zai faru. Ko a ɗora shi a cinyar wani, ko a cusa shi gaba tsakanin direba da fasinja, ƙafa ɗaya a kowane gefen giya, ko a buɗe but a zaunar da shi tare da buhuna ƙafafunsa na lilo a waje, ko ya ɗosana rabin jiki a gefen mai Keke hannu ɗaya a ƙarfen rufi. In duk ba su samu ba, a sauke shi a bakin titi ya jira wata motar.

Dukanmu mun san yadda ake lodi: mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, wani lokaci har da mai raba kujera da direba. Keken da aka ƙera domin fasinja uku yana ɗaukar biyar. A irin wannan lodi, wurin da ake tura yaro shi ne wurin da babba ya ƙi, kuma babban ya ƙi shi ne domin ya san hatsarinsa.

Malaman kimiyya da ke cikinmu suna da lissafin da ya kamata kowane uba ya ji. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta yi karo ta tsaya farat ɗaya, abin da ke samun jikin da ba a ɗaure ba daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Idan gudun ya ninka ya kai kilomita 100, tsayin yakan ninka har sau huɗu. Wace motar haya ce ke tafiya da kilomita 50 tsakanin Daura da Kazaure, ko tsakanin Daura da Katsina? Babu hannun da zai iya riƙe yaro a cinya a wannan lokaci, komai ƙarfin mai riƙon da kyakkyawar niyyarsa. Yaron zai fita ta gilashi, ko kuma nauyin wanda ya ɗauke shi ya matse shi a jikin kujerar gaba. Na cikin but kuwa, ko ba a yi haɗari ba, hayaƙin salansa yake shaƙa tsawon tafiyar, kuma duk motar da ta bugo ta baya shi za ta fara samu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana nanata cewa kada yaron da bai kai shekara 12 ba ya zauna a gaban mota. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa haɗarin hanya yana kashe mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Waɗannan shekaru su ne shekarun ɗalibanmu tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa na manyan makarantu.

To, da wannan a zuci, sai a sake auna maganar. Abin da dattijon kirki ke nema shi ne sauƙin zama. Abin da ake karɓewa daga yaron domin a ba shi wannan sauƙi, a lokuta da yawa, shi ne kariyar ransa. Ba mu taɓa jin kakan da zai yarda da wannan ciniki ba idan jikansa ne a but ɗin. Abin da ke sa a yarda shi ne yaron ɗan wani ne.

Akwai masu kafa hujja da addini, kuma daidai ne a je can, domin can ne tushen ladabin namu. Hadisin da aka fi ambata a wannan babi, wanda Tirmizi da Abu Dawud suka ruwaito, ya haɗa abu biyu ne a numfashi ɗaya, jinƙan ƙarami da sanin girman babba, kuma ya yi gargaɗi iri ɗaya ga wanda ya bar kowannensu. Mutane sun haddace rabi na biyu sun bar na farko. Sannan akwai abin da Sahlu ɗan Sa'adu ya ruwaito, wanda ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik da Bukhari da Muslim: an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin sha, a damansa akwai yaro, a hagunsa dattawa. Bayan ya sha, bai miƙa wa dattawan kai tsaye ba, sai da ya nemi iznin yaron, domin haƙƙin na dama ne. Yaron bai yarda ya bar rabonsa ba, aka kuwa sa masa ƙwaryar a hannu. Ba a tsawata masa ba, ba a ce ya yi rashin kunya ba. Haka kuma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar hanin a ta da mutum daga mazauninsa domin wani ya zauna, har shi kansa ba ya zama a wurin da aka tashi aka bar masa. Mu ba masu ba da fatawa ba ne, malaman addini na masarautar nan sun fi mu sanin yadda ake fassara waɗannan ruwayoyi. Amma ko ɗalibin Islamiyya zai gane cewa a cikinsu yaro yana da haƙƙi, kuma ana roƙonsa ne ya bari, ba a ƙwacewa.

Bambancin da ke tsakanin roƙo da ƙwace shi ne ainihin tarbiyyar. Yaron da ya hango tsohuwa da sanda ya ce, "Inna, zo ki zauna nan," ya matsa da kansa, ya yi abin da muke fata ya girma da shi, kuma zai ji daɗin albarkar da za ta sa masa har ya isa gida. Yaron da aka fizge shi da hannun riga aka jefa but, darasin da ya koya dabam ne. Ya koyi cewa mai ƙarfi shi ke zama, kuma ranar da ya yi ƙarfi shi ma zai fizgi na ƙasa da shi. Ɗan kamashon da ke daka wa yara tsawa a tasha yau, da za a bincika, wataƙila a but ya yi tasa ƙuruciyar.

Maganar kuɗi ma ba a ɓoye take ba. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Kuɗin mota ya bi sahu. Uba da ke da 'ya'ya uku a makaranta yana ware kuɗin Keke kullum daga abin da bai isa cefane ba, wasu yaran ma da kuɗin tararsu suke biya su wuni da yunwa. Idan yaro ya biya kuɗin kujera cikakke, sannan aka ta da shi aka sayar wa wani kujerar, direba ya karɓi kuɗi biyu a wuri ɗaya. Wanda ya ci ribar ladabin yaron shi ne mai mota, dattijon kuwa ya biya nasa kamar kowa. Mun san direbobi ma suna cikin matsi, ga tsadar mai, ga kayan gyara, ga balas da ake jira da yamma, ga masu tare hanya. Duk da haka bai halatta a cike giɓin da aljihun ɗan firamare ba. Mafi ƙarancin adalci shi ne duk yaron da ya bar kujerarsa a mayar masa da kuɗinsa nan take.

Akwai wani ɓangare da ake jin nauyin faɗa, mu kuwa za mu faɗa, domin malamai mata na reshen nan sun sha jin sa daga bakin ɗalibai. Yarinya 'yar shekara 11 ko 13, cikin hijabinta na makaranta, a ce ta hau cinyar namijin da ba ta sani ba, ko a matse ta tsakanin maza biyu tafiyar awa guda, wannan ba shi da mazauni a al'adarmu ko addininmu. Yawancin fasinjoji mutanen kirki ne, amma mutum ɗaya ya isa, kuma yarinyar da aka koya wa cewa musu da babba rashin kunya ne ba za ta buɗe baki ba. Wata sai ta fara ƙin zuwa makaranta ba tare da ta faɗi dalili ba, iyaye su ɗauka lalaci ne, daga nan a ce to ta zauna a gida. A yankin da ake fafutukar ganin 'ya'ya mata sun kammala ƙaramar sakandare, kamar yadda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu kyauta ga kowane yaro, bai kamata kujerar mota ta zama ɗaya daga cikin ƙofofin da suke fita ta nan ba. Jihar Katsina ta yi dokar kare yara a 2020. Doka irin wannan ba ta tsaya a ƙofar gida da ta makaranta ba, ta shafi hanyar da ke tsakaninsu.

Shi kuma wanda aka sauke a bakin titi, ya tsaya cikin sanyin hunturu yana ɗaga wa motoci hannu, ya iso bayan an rufe ƙofa, ya tarar da hukuncin makara yana jiran sa. Ya bi umarnin babba a hanya, a makaranta kuma a hore shi saboda sakamakon biyayyar. Muna roƙon shugabannin makarantu da malaman da ke tsaron ƙofa su riƙa tambayar mai makara ta ina ya fito kuma me ya tsai da shi kafin a yanke masa hukunci.

Ga inda muka tsaya. Shekaru kaɗai ba su ne ma'aunin wanda ya fi cancantar kujera ba, buƙata ce ma'auni. Tsoho mai rauni, da mai juna biyu, da mai goyo, da majinyaci, da mai buƙata ta musamman, waɗannan su ne ke gaban kowa, kuma ɗalibin da ya kai munzalin hankali, mai ƙoshin lafiya, ya kamata ya rigayi kowa ba su wuri matuƙar inda zai koma wuri ne na zama na gaskiya. A benci a tasha, a layin asibiti, a babban bas mai fili, a cikin aji idan baƙo ya shigo, nan babu wata muhawara, yaro ya tashi. Amma ƙato ɗan shekara talatin da biyar, lafiyayye, ba shi da wani haƙƙi a kan kujerar ɗan shekara tara don kawai ya riga shi zuwa duniya. Hasali ma, idan tsohuwa ta tsai da mota, shi ƙaton ne ya fi dacewa ya takura, domin ƙashinsa ya fi jure wuya kuma hannunsa ya fi iya riƙe ƙarfe. Abin mamaki ne yadda mota cike da majiya ƙarfi kan juya gaba ɗaya ta zuba wa ƙaramin cikinta ido. Yaron da bai kai shekara 12 ba kuwa, a ganinmu, ba a ta da shi sam, sai dai idan mahaifiyarsa ko wani nasa ne ya ga dama ya gyara masa zama.

Wasu ƙasashen sun daɗe da barin wannan al'amari a hannun tsari maimakon a hannun mai ƙarfin murya. A Japan, ƙasar da babu mai zargin ta da raina tsofaffi, tun 1973 aka fara keɓe kujeru na musamman a jiragen ƙasa domin tsofaffi da masu rauni, kowa ya san su tun kafin ya zauna. A Landan, hukumar sufurin birnin ta fito a 2017 da wani baji da mai ciwon da ba a gani a fuska ke maƙalawa domin a ba shi wuri ba tare da ya yi bayani ba. Wannan ya tuna mana cewa a cikin ɗalibanmu akwai masu amosanin jini da masu asma da masu farfaɗiya, waɗanda ke zaune shiru cikin kayan makaranta ba wanda zai gane halin da suke ciki. Tarihi kuma ya nuna cewa tayar da mutum daga kujera kan zama hanyar nuna masa matsayinsa. A birnin Montgomery na Amurka, ranar 2 ga Maris 1955, wata ɗaliba baƙar fata 'yar shekara 15, Claudette Colvin, ta ƙi tashi ta ba farar fata wuri a bas, aka kama ta, wata tara kafin Rosa Parks ta yi irin haka duniya ta ji. Ba muna kwatanta dattawanmu da masu wariyar launin fata ba ne, Allah ya kiyaye. Abin lura kawai shi ne, duk inda aka ce wani jinsin mutane ne kullum zai tashi ko da wanda za a ba wurin ba ya da wata lalura, to ana maganar fifiko ne, an bar maganar taimako.

Gaskiyar magana, rikicin kujera rikicin ƙarancin mota ne. Da a ce akwai bas na ɗalibai da ke tasowa daga Zango da Sandamu da Mai'adua da safe ya koma da rana, da yawancin wannan ja-in-ja bai taso ba. Hukumar sufuri ta jiha, KTSTA, tana da motoci da direbobi da tasha. Muna kira gare ta da ƙananan hukumomi biyar na masarautar nan su zauna su duba yadda za a ware ko da mota ɗaya a kowace babbar hanya a lokutan zuwa da tashi daga makaranta, a kan farashi mai rangwame, tare da kujerun gaba-gaba da aka yi wa alama domin tsofaffi da masu lalura a sauran motocinta. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta riga ta ɗora wa masu sufurin jama'a nauyin saukaka musu. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai ratsa ta Daura. Gara a tsara kujerun masu rauni da rangwamen ɗalibai tun kafin jirgin ya fara ɗaukar fasinja. Jami'ar Sufuri ta Tarayya tana nan a garinmu, kuma muna ganin babu binciken da ya fi kusa da ƙofarta kamar ƙidaya yadda yaran masarautar nan ke isa makaranta, nawa ne a ƙafa, nawa a babur, nawa a but.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Muna ba shugabannin reshe shawara su nemi zama da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da na masu Keke Napep a Daura, a nemi alkawari uku kacal: ba ɗalibi a but, ba yarinya a cinyar baƙo, kuma wanda ya bar kujera a mayar masa da kuɗinsa. Direbobin nan iyayen ɗalibanmu ne, da yawansu ma mu muka koyar da su, ba ma tsammanin za su ƙi saurare. Idan hakimai da dagatai da limaman Juma'a suka sa baki, maganar za ta isa inda takardarmu ba ta isa. A taron iyaye da malamai na wannan zango a sa batun cikin ajanda, a tambayi iyaye ko sun san a ina 'ya'yansu ke zama a mota.

A cikin aji kuma, a koya wa yara kalmomin da za su yi amfani da su, domin yawancinsu ba su san akwai hanya tsakanin yin shiru da yin tsiwa ba. Yaro ya iya cewa, "Baba, ga wuri, bismillah," idan ya ga mai buƙata kuma akwai inda zai matsa. Ya kuma iya cewa, cikin ladabi da sunkuyar da kai, "Baba, ka yi haƙuri, an hana ni zama a but." Yarinya ta iya cewa, "Malam, don Allah a sa ni kusa da Hajiya." Malaman aji su gwada wannan da ɗalibai a matsayin ɗan wasan kwaikwayo na minti biyar a taron safe, ɗaya ya zama direba, ɗaya dattijo, ɗaya ɗalibi. Wakilan makarantu su tattaro abin da yara suka faɗa game da hanyoyinsu, ba tare da rubuta sunan kowane yaro ko direba ba, su miƙa wa sakataren reshe kafin taro na gaba, domin da shi za a je wurin shugabannin direbobi.